Gwiwoyin Baba Tiyo

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar nan cikin shekaru talatin da suka wuce ya san Baba Tiyo, ko da bai taɓa yi masa magana ba. Shi ne siririn dattijon nan da ake gani da sassafe yana jan tiyon ruwa a bayansa, daga tankin sashen ayyuka zuwa duk inda aka dasa wani abu mai ganye. Ainihin sunansa yana cikin fayil a ofis, amma ko akawun da ke riƙe da fayil ɗin, in ya tashi kiransa, Baba Tiyo yake cewa.

Wurin aikinsa wani fili ne a bayan sashen ayyuka, tsakanin tankin ruwa da inda ake jibge matattun motocin makaranta. An kafa masa rumfar raga, a ƙarƙashinta layi-layi na baƙaƙen ledoji cike da ƙasa da taki, kowace da ɗan tsironta: maɗaci, darbejiya, mangwaro, gwaiba. Akwai ɗan ɗakin kwano da yake ajiye baro da shebur da fartanya, sai wani benci mai ƙafa uku da aka tokare da bulo. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ka gaishe shi zai amsa da sakin fuska har ya tambayi mutanen gida, amma in hira kake jira ya ɗora, to nemi wurin zama. Matarsa takan ce wa itatuwa yake ƙarar da maganarsa, ragowar ce yake kawo mata gida.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne wandonsa. Duk wandon aikin da aka ba shi, gwiwa ce ke fara mutuwa, matarsa ta yi ta ɗora faci a kan faci. Dalilin kuwa yana da tarihi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar kula da muhalli. Yara ne masu zafin nama da kyakkyawar niyya. Suka ajiye kejin waya a bakin ɗakunan kwana don tara robobi da ledoji, suka bi azuzuwa suna liƙa takardun a kashe fitila in an fita, sannan suka sa ranar dasa itatuwa. A ranar farkon nan an gayyato wani babban baƙo daga wata hukuma, ya zo da tsirrai goma a cikin wata irin jaka mai kama da takarda, wadda ke narkewa a ƙasa. Ya tsuguna da kwat ɗinsa, ya saka tsiro a rami da jakarsa, ya ce kada a cire don kada a girgiza saiwa, za ta ruɓe da kanta. Gaskiya ya faɗa a kan jakarsa. Sai dai sauran tsirrai casa'in ɗin daga rumfar Baba Tiyo suka fito, a cikin baƙar leda irin wadda ko jikan jikanka zai tono ta ya same ta yadda take. Ɗalibai ba su bambance ba, suka binne su duka da ledojinsu.

Baba Tiyo ya buɗe baki a ranar, wannan kam a yi masa adalci. Ya matso, ya ɗaga hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe..." Sai shugaban sashen ayyuka ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ɗan matsa gefe, hoto za a ɗauka." Ya matsa. Maganar ta koma ciki, ta yi zamanta.

Ranar Litinin da sassafe, kafin ɗalibai su fito, ya ɗauki 'yar wuƙarsa da ƙaramin shebur ya bi layin. Ya durƙusa gaban tsiro na farko, ya tone kewayensa a hankali, ya ɗago shi da dunƙulen ƙasarsa, ya tsaga ledar daga sama zuwa gindi, ya zare ta, ya mayar da tsiron, ya danna ƙasa da tafin hannu, ya yi masa ɗan gurbin da ruwa zai tsaya. Ya ja gwiwa zuwa na gaba. Kwana uku ya yi yana wannan. Ledojin da ya tara kuwa ya kai su kejin ƙungiyar ya zuba, tunda don haka aka ajiye shi. A ƙarshen zangon nan ƙungiyar ta yi sanarwar cewa ta samu gagarumar nasara wajen tara leda.

Itatuwa suka kama, suka yi kyau. Da shekara ta zagayo aka sake dasawa yadda aka yi bara, Baba Tiyo ya sake bi da wuƙarsa. Har aka buga 'yar takardar ƙa'idojin dashe, ƙa'ida ta uku ta ce kada a cire leda. Lokaci-lokaci akan samu wani ɗalibi ɗan gidan manoma ya ce shi fa a garinsu cirewa ake yi. Sai a kama hannunsa a kai shi bakin titin ɗakin karatu, a nuna masa maɗatai suna ta inuwa, a ce masa ga shaida, duk da ledarsu aka dasa su. Yaro ya sosa ƙeya ya haƙura. Wato aikin Baba Tiyo ne da kansa ya zama hujjar kuskuren, shi kuma yana gefe da tiyonsa yana ji, bai ce uffan ba.

Kada a ɗauka tsoro ne kawai ya rufe masa baki. Wanda ya rubuta takardar ƙa'idojin shi ne shugaban ƙungiyar na farko, wani ɗalibin lissafi da ya saba zuwa rumfar Baba ya zauna a bencin nan mai ƙafa uku yana karatu, don ya ce duk makarantar babu inda ya kai nan sanyi. Yaron ya gama, ya tafi ya ƙaro ilimi, ya dawo malami, yanzu Dakta ake ce masa, kuma shi ne uban ƙungiyar. Duk da haka in ya hango Baba Tiyo sai ya tsayar da mota ya fito ya gaishe shi da rusunawa. Shi ya cika wa autar Baba takardun shiga makarantar koyon jinya, ya bi layi da ita ofis-ofis har ta samu gurbi. Baba Tiyo yana son mutumin nan kamar ɗan cikinsa. To ta ina zai fara gaya masa cewa abin da yake koya wa ɗalibai shekara da shekaru ba daidai ba ne? Shekara ta farko abin da sauƙi, da ya faɗa. A ta biyar ya zama sai an yi bayanin shirun shekara huɗu. A ta goma kuwa ya ga durƙuson ya fi masa sauƙi, ya ce a ransa ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ana haka takardar ritaya ta iso. Ranar Juma'ar ƙarshen wata zai miƙa makullin ɗakin kwano, washegari Asabar kuma ita ce ranar dashen bana. Ba ƙaramin dashe ba ne, tsiro ɗari huɗu za a jera a gefen sabon titin da ya nufi ɗakunan kwanan mata, inda rana ke gasa yara tun daga bakin aji har ƙofa. Shi ya rene su daga iri, wata takwas yana ba su ruwa safe da yamma. Ba a naɗa wanda zai gaje shi ba, an ce wani kamfanin yankan ciyawa ne zai riƙa zuwa da injinsa sau biyu a wata. Mai inji kuwa ba ya durƙusawa. Baba Tiyo ya san abin da zai faru sarai. Tsirran za su yi kore shekara guda a yi ta yabo, sannan saiwa ta rasa hanyar fita ta nannaɗe kanta, wasu su bushe, wasu su tsaya cak ba gaba ba baya.

Saura kwana goma, da yamma yana zaune a tsakar gida ya miƙe ƙafafu, matarsa tana shafa masa man zafi a gwiwa. Ita kaɗai ta san sirrin, don ita ke facin wando.

"Malam," ta ce, "gwiwar nan taka ta gaji da rufa wa masu digiri asiri."

"Ba rufin asiri ba ne. Aikina ne."

"To aikin ya ƙare. Ko ta katanga za ka riƙa haurawa da wuƙarka? A kama ka, a ce tsohon ma'aikaci ya dawo satar itace, ni kuma in ce ban san ka ba."

Ya yi 'yar dariya.

Ta rufe kwalbar man. "Ni dai abin da na sani, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Daktan nan Baba yake ce maka. Uban da ya ga ɗansa ya fita da riga a bai-bai ya ƙyale shi don kada ya ji kunya, ai bai so shi ba."

Maganar ta yi masa zafi, fiye da man. Ya janye ƙafarsa ya ce a kawo masa shayi.

Bayan kwana biyu shugabar ƙungiyar ta bana ta zo ƙirga tsirrai. 'Yar aji uku ce, ɗalibai suna ce mata 'Yar Hula saboda koriyar hular hana sallar da take ɗorawa a kan mayafinta ko ana ruwa ko ana rana. Ta bi layi da littafinta tana ƙirgawa da ƙarfi, ta ɓata lissafi sau biyu, ta sake daga farko.

"Baba, ɗari huɗu cif. Ranar dashe fa kai ne babban baƙonmu, kujerar gaba za mu ba ka." Ta rufe littafin. "Ni akwai abin da ke ɗaure min kai. Duk shekara bayan dashe sai mu tarar da tsagaggun baƙaƙen ledoji a kejinmu, da ƙasa a jikinsu. Ko ka san mai zubawa?"

Ga ƙofa a buɗe. Yarinyar mai kaifin kai ce, kalma uku sun ishe ta. Amma ya hango ta tsaye gaban taro tana gyara wa malaminta, Dakta yana jin abin daga bakin ɗalibarsa, kowa na kallo. Wannan ba zai yi wa mutumin da ya bi layi da 'yarsa ba.

"'Yata," ya ce, "in kin ga Dakta ki ce masa ina neman sa gobe da safe. Ki ce a gindin maɗacinsa."

Kowa a ƙungiyar ya san maɗacin Dakta. Yana ƙarshen layin titin ɗakin karatu, shi ne wanda ya dasa da hannunsa a ranar farko. Sa'o'insa duk sun wuce tsayin bene, shi kuwa da kyar ya kai ƙirjin mutum, ganyensa ƙanana, rawaya-rawaya. Dakta yakan ce marmara ce a ƙarƙashin wurin. Duk shekara sai ya kawo masa taki.

Washegari Baba Tiyo ya riga shi zuwa, da shebur da bokitin ruwa. Dakta ya iso da jakar littattafai a kafaɗa, suka gaisa har da tambayar Auta da karatunta. Baba ya shirya magana tun a hanya, amma da ya ɗaga ido ya ga fuskar mutumin, sai duk ta watse. Ya miƙa masa shebur.

"Dakta, tona nan. Ta wannan gefen, a hankali."

Dakta ya dube shi, ya dubi takalminsa mai sheƙi, ya ajiye jaka ya karɓa. Bai iya riƙon shebur ba, amma ya tona. Ƙasar mai laushi ce, ba marmara ko ɗaya. Da ramin ya kai tsawon hannu, bakin shebur ya taɓo wani abu baƙi. Ya tsuguna ya share ƙasar da yatsu. Leda ce, tana nan da ƙarfinta, ta kumbura ta yi tauri. Baba Tiyo ya durƙusa kusa da shi, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya sa wuƙa ya tsaga ta. A ciki saiwar ta nannaɗe kanta ta dunƙule kamar hannun mai dambe, sai wasu 'yan siraran jijiyoyi da suka samu ƙananan hudojin gindin ledar suka fita. Da su itacen ya rayu shekara goma sha biyu.

Dakta ya daɗe yana kallo. Mai lissafi ne, ba sai an kai shi ƙarshen magana ba. Ya waiwaya ya dubi dogon layin maɗatai, sannan ya dubi facin da ke gwiwar wandon dattijon.

"Sauran fa, Baba?"

"Na bi su."

"Duka? Kowace shekara?"

"Kwana uku ne kawai. Wata shekarar huɗu."

Dakta ya zauna daɓas a ƙasa da wandonsa mai guga. "Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na so in faɗa. Sai aka ce in matsa za a ɗauki hoto." Ya goge wuƙar a cinyarsa. "Daga baya kuma kunyarka ta hana ni. Laifina ne, Dakta, ba naka ba. Kai abin da aka nuna maka ka riƙe. Ni na sani na yi shiru."

"To wannan fa? Ka bi sauran duka, me ya sa ka bar nawa?"

Nan ne Baba Tiyo ya sunkuyar da kai. "Ban bar shi ba. Hanya na rasa. Ka tuna ka kewaye shi da waya, ka sa masa ɗan kwaɗo don awaki? Safe da yamma kana nan da galan ɗinka, da rana kuma ka zo ka zauna gefensa da littafi. Na yi ta zagaye ina jira ka manta da shi ko na kwana biyu ne, ba ka manta ba. Lokacin da wayar ta yi tsatsa ta faɗi, shekara huɗu sun wuce, na ji tsoron in taɓa shi ya mutu a hannuna. Waɗanda masu su suka dasa suka tafi, su na samu na gyara. Naka ne kaɗai aka tsare."

Dakta ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya yi kamar zai yi dariya, amma ba dariyar ce ta fito ba. Baba Tiyo ya kau da kai ya shiga gyara bakin ramin, don ya ba shi wuri.

Tare suka zare ledar. Baba ya warware abin da zai warwaru na saiwar, ya datse wanda ya shaƙe, suka faɗaɗa ramin, suka mayar da ƙasa, suka juye bokitin ruwan.

"Zai tashi?" in ji Dakta.

"Ban sani ba. Ya daɗe a ɗaure. A ba shi damina biyu a gani."

Dakta ya ninke tsohuwar ledar da ƙasarta, ya saka a jakar littattafansa.

Ranar Juma'a Baba Tiyo ya miƙa makulli. Ranar Asabar ya zo da rigarsa ta fita, aka zaunar da shi a kujerar gaba, ya rasa inda zai ajiye hannayensa. Dakta ya miƙe gaban ɗalibai fiye da ɗari, ya zaro ledar daga jaka ya ɗaga. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ƙa'ida ta uku shi ya rubuta ta, kuma kuskure ce. Ya ce duk inuwar da suke sha a titin ɗakin karatu, mutum ɗaya ne ya biya ta da gwiwoyinsa. Sannan ya ce shi yau ɗalibi ne, a matso da tsiro guda a ba malamin.

Baba Tiyo ya tashi zai durƙusa kamar yadda ya saba, 'Yar Hula ta tare shi. "A'a Baba, kai dai faɗi, mu ne masu durƙusawa." Ta raba reza da ƙananan wuƙaƙe, ta durƙusa gaban ramin farko. Shi kuma yana tsaye, karo na farko a ranar dashe, yana cewa a tallafi gindin da hannun hagu, a tsaga daga sama, kada a bari ƙasar ta warwatse. Da farko muryarsa ba ta fita sosai. Kafin a kai tsiro na hamsin an ji shi yana yi wa wani dogon saurayi faɗa don ya danna ƙasa da takalmi. Matarsa, da aka ba ta labari, ta ce ashe bakin yana aiki, ita ce dai ba a yi wa amfani da shi.

Ranar Litinin ya farka a lokacin da ya saba. Ya sha shayi, ya zura tsohon wandonsa, ya laluba aljihu ya ji wuƙar tana nan. Matarsa ta bi shi da ido har ƙofa, ta ce kawai ya gaishe mata da itatuwan. Mai gadin makarantar ya buɗe masa ba tare da tambaya ba.

Sabon titin ba kowa, tsirrai ɗari huɗu suna tsaye a jere, kowanne da gurbin ruwansa. Ya durƙusa gaban na farko ya zura yatsa a gindinsa, ya ji ƙasa ce zalla. Ya tsallake goma ya sake gwadawa. Ya je can ƙarshen layi, inda gajiya kan sa yara su yi ha'inci, ya tona uku a jere. Ko guntun leda babu. A bakin kejin ƙungiyar ya tarar da ledojin an ɗaure su dami-dami, hamsin-hamsin, dami takwas. Daga nesa ya hango 'Yar Hula da wasu ɗalibai biyu suna fama da tiyonsa, ya nannaɗe musu a ƙafa, suna ta gardamar ta inda za a ja.

Ya yi farin ciki, wannan ba shakka. Amma tare da farin cikin ya ji kewa, don shekara goma sha biyu wannan safiyar tasa ce shi kaɗai, yau kuma ba ta bukatar sa. Ya ɗan tsaya da wuƙar a hannu, ya rasa abin yanka. Sai ya ninke ta ya mayar aljihu, ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ɗaga murya ya ce wa yaran su fara warware tiyon daga bakin famfo.